Motar Baba Ta Ƙara Tsawo

Saƙon ya zo ranar wata Talata, damina ta yi tsaka. Ɗan Gwaggo ne ya kira ni a waya daga ƙauyensu da ke hayin iyaka, cikin ƙasar Benin, ya ce tsohuwa ta daina cin tuwo, kunun ma sai an yi ta lallashi, kuma ba ta da wata magana sai, "Ina Auta?" Autan nan kuwa Babana ne, mutumin da furfura ta kai masa har gira. Ita ce yayarsa, su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma ita ta goye shi bayan mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe. Da na faɗa masa, sai da ya gama alwalarsa da hannu ɗaya, ya ajiye buta, sannan ya ce, "Gobe mu tahi."

A baki abin ba wuya. Daga gidanmu a Illo zuwa garin Gwaggo, da rani, tafiyar awa guda ce da 'yan mintoci. Amma shekara biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba. Hannun hagu ya mutu, ƙafar hagu sai ja, da sanda yake lallaɓawa zuwa masallacin ƙofar gida. Ba zai iya zama a bayan kabu-kabu ba, don ba shi da hannun riƙe mai tuƙi. Motocin haya kuma da zarar ruwa ya sauka sun yi sallama da wannan hanya sai kaka. Abin da ya rage mana shi ne tsohuwar a-kori-kurarsa.

Wannan mota ita ta ciyar da mu. Shekara ashirin da wani abu Baba yana loda mata shinkafa da albasa da busasshen kifi, daga wannan kasuwa zuwa waccan, har bayanta ya zauna kamar na tsohon jaki. Tun da ya kwanta ciwo take ajiye a gindin dogon yaro, ni nake tayar da ita ran Juma'a don kada batir ya mutu. Ni malamin firamare ne. Tuƙi na iya daidai gwargwado, amma abin da ke ƙarƙashin mota ban san shi ba, kuma a lokacin gani nake na sani.

Ran Laraba muka kama hanya, ni da shi. Lafiya lau muka tafi har muka iso wata fadama da hanyar ta ratsa, shinkafa dama da hagu tsaye cikin ruwa. A nan taraktoci da amalanken shanu sun haƙa rami biyu dogaye, suka bar tudu a tsakiya kamar kunyar dankali, tsawonsa ya kai filin ƙwallon makarantarmu. Babu ta inda za a kauce. Na ce bismillah na shiga. Ba mu ci rabi ba na ji ƙuuu a ƙarƙashinmu, cikin motar ya hau kan tudun ya zauna, tayoyi suna ta juyawa a banza suna watsa laka. Na taka mai, na zagi hanya, na zagi masu tarakta, na fito na daki taya da ƙafa. Sai da wani manomi ya kwance shanunsa biyu ya janyo mu da baya. Duk wannan bidiri Baba yana zaune a gaba, hannunsa mai rai a kan gwiwa, yana kallon hayin fadama. A hanyar komawa ne kawai ya ce, "Ba laihinka ba na. Bayanta ya zauna. Ni da ita duk ɗaya." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ina sauke shi na zarce garejin bakanikensa. Mutumin kudu ne, Kirista, ya zo Illo tun kafin a sa ni makaranta, Hausarsa irin tamu ce sak, Dandanci kuwa, yaren Dandawan yankinmu, ya fi ni ji. Shi yake gyaran motar tun Baba yana da ƙarfinsa, kuma har yau "Oga" yake ce masa. Na ce a ɗaga mini motar nan, yau ba gobe ba. Ya faɗi kuɗin sabon sifirin da sababbin tayoyi, na yi dariya, sannan na ji haushin dariyar da na yi, don ko albashina na wata huɗu aka haɗa ba zai kai ba. Sai na tsuguna na zana masa dabarata a ƙasa: a sami katako mai ƙarfi a cusa tsakanin sifirin da aksil, shi ke nan mota ta tashi.

Ya daɗe yana kallon zanen. "Malam," ya ce, "yaran da kake koyarwa, Allah ya taimake su."

Ya jawo ni ƙarƙashin motar ya nuna mini da sufana. Ga sifirin na baya, falle-fallen ƙarfe da aka jera kan juna, waɗanda ya kamata su lanƙwashe sama amma sun miƙe sambal saboda lodi, biyu ma sun karye. Ga kuma ƙullutun nan na tsakiyar aksil mai kama da tulu. Ya ce sifirin jikin mota kawai yake ɗagawa, tulun nan yana nan inda yake, taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Manyan tayoyi kuma ba za su shiga ba sai jikin ya tashi ya ba su wuri. Wato aiki biyu ne, kuma ni da na zo da ihu ko ɗaya ban gane ba. Ya ce shi zai je Bagudo wurin 'yan gwangwan ya nemo sifirin na gaba da dogayen kusoshi da tiyon birki mai tsawo. Tayoyi in nemo. Sifirin na baya kuma ya kwance ya zuba mini a buhu, ya ce in kai wa tsohon maƙerin bayan kasuwa.

"Maƙeri? Mai fartanya?"

"Shi. Duk sifirin da ya mutu a garin nan can ake kai shi. Ka gaishe shi da ƙarfi, ba ya ji."

Na sha wucewa ta gaban rumfar nan ban taɓa leƙawa ba. A bayanta akwai tsibin tsofaffin sifirin da ya kai ƙugun mutum, na manyan motoci da ƙanana, don da su ake ƙera fartanya da gatari da wuƙa. Tsohon yana zaune a kan guntun icce, siriri, idonsa ja saboda hayaƙi. Na kwarara masa sallama a kunnen dama. Ya ce, "Yi hanƙuri ɗan malam, kunnuwan sun tahi da daɗewa, masaba ta cinye su." Na yi masa bayani da ihu, har masu sayar da gawayi suka san Gwaggo ba ta da lafiya. Da ya ji sunan Baba sai ya gyara zama. Ashe shekara da shekaru Baba ne yake kai masa fartanyu kasuwannin hayi.

Don in rage masa aiki na shiga tsibin da kaina na zaɓo falle huɗu masu kyau, faɗinsu daidai da namu, har da sauran baƙin fenti a jikinsu. Ya karɓi na farko, ya zura igiya ta ramin tsakiyarsa, ya rataye shi a azarar rumfa. Sai ya matso ya ciji igiyar da 'yan haƙoran da suka rage masa, ya rufe ido, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da wani guntun rodi. Ya tsaya cik. Can ya saki igiyar ya ce, "Wanga matacce na," ya wurga shi gefen da ake tara na fartanya. Na biyu ma haka. Na uku, wanda ya fi kowanne sheƙi, ko gama ƙara bai yi ba ya kwance shi.

Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Ina da wannan hali, Inna ta yi faɗa har ta gaji. Na ce, ba a kunnensa ba amma da ƙarfi, dama na san za a yi haka, masu kyan yake so ya ɓoye wa kansa, ya haɗa mu da ruɓaɓɓu. Ban sani ba ko ya ji ko bakina ya karanta. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai malami na, ko? Kana da alli?"

Akwai guntu a aljihuna, kullum akwai. Ya ɗauko fallen nan mai sheƙi, ya tsiyaya masa kananzir daga wata kwalba, ya bari ya ɗan jiƙa, ya goge shi tas da tsumma. Ya goga masa allina har wurin ya yi fari fat. Ya ƙwanƙwasa sau uku, ya ajiye a gabana, ya koma yana gyara wutarsa kamar ya manta da ni. Ina kallo, wallahi ina kallo da idona, wani siririn layi ya fara fitowa a cikin farin, kamar gashi guda, daga bakin ramin yana tafiya a hankali har gefe. Kananzir ɗin da ya shige cikin tsagar ne yake dawowa waje. Tsagar da ni mai ido biyu da tabarau ban gani ba, kurma ya ji ta da haƙori. Na zauna daɓas a ƙasa cikin toka, da wandon zuwa makaranta.

"Da wanga anka sa," ya ce, "tsakiyar hwadama za shi karye muku, da tsoho a ciki."

Na ce ya yafe mini. Ya ce mi? Na sake faɗa da ihu, masu gawayi suka kwashe da dariya. Sai ya tono wani falle daga ƙasan tsibin, mummuna, tsatsa ta yi masa ja, ya rataye, ya miƙo mini igiyar ya ce in ciza. Na ciza. Da ya buga, wani amo ya shigo ta haƙorana, ya haye cikin kaina, ya gangaro har ƙirji, ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, ya ƙi ƙarewa. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, ni da nake koya wa yara darasin sauti daga littafi. Ya rataya mataccen, na ciza, ya buga: ƙwal, shi ke nan, kamar an toshe masa baki. Na ce ikon Allah! Ya ce, "To ka jiya."

Ranar nan ya ciji igiya ya fi sau talatin kafin ya tsayar da falle shida, biyu a madadin karyayyunmu, huɗu ƙari. Kuma bai yarda ya haɗa su yadda aka ga dama ba. Na dama da na hagu sai amonsu ya zo ɗaya, in ba haka ba, in ji shi, mota za ta riƙa tafiya a karkace.

Saura lanƙwasawa. Washegari ya kafa turke a ƙasa, ya ɗaura igiya, ya ja baka da gawayi a kan wani faffaɗan katako, ya ce kowane falle, tsoho da baƙo, sai ya kwanta a kan wannan layi. Ɗansa da ke buga masa babbar guduma yana gona, don haka ni na gaje shi. Sai ya ɗora falle a kan wani ƙarfe mai kwari a tsakiya, ya ɗiga alli inda zan buga, in buga, ya matsar da faɗin yatsa biyu, in sake bugawa. Babu wuta ko kaɗan, ƙarfe da sanyinsa. Kafin azahar tafin hannuna ya yi ruwa. Ga wutar maƙera tana ci a gefenmu, ga zuga-zugi a ajiye. Na ce don Allah Baba maƙeri a sa shi a wuta mana ya yi laushi, mu gama yau, mara lafiya ke jira.

Ya girgiza kai. "Wuta ta wanda za a yi hauya da shi ta. In ya sha wuta ya mance komawa inda ya hito. Kai ko mai komawa kaka so, a danne shi ya taso."

Kwana biyu muka yi muna wannan bugu. Kowace yamma in kira ɗan Gwaggo. Ran Alhamis ya ce ta sha kunu cokali uku, ta ce a share ɗakin baƙi. Ran Juma'a ya ce tun safe ba ta yi magana ba, sai dai in an taɓa ƙofa ta juyo da kai. In na dawo gida Baba ba ya tambayata labarin waya. Hannuna yake kamawa ya juya, ya dubi ƙurajen, ya saki. Ni kuma tsoro ya cika ni, tsoron kada in gama ɗaga mota a ce mini ta'aziyya za mu je.

Da muka gama na tambayi tsohon abin da zan ba shi. Ya nuna karyayyun fallen nan biyu na motar Baba ya ce in bar masa su, za su yi fartanya mai kyau.

Tayoyi kuwa a Sharabi na samo su ran Asabar. Wani abokin Baba yana da amalanken shanu biyu, kuma irin amalanken nan da tsofaffin tayoyin mota suke tafiya. Nasa na wata babbar mota ne, bakinsu ɗaya da namu amma sun fi su tsawo da kamar yatsa uku, ɗaya da faci har biyu. Ya ce shanunsa ba su san bambanci ba, in kwashe in kawo masa namu. Na ɗauro su a kan kabu-kabu biyu, muka shigo Illo mutane suna tambaya ko sana'a na canja.

Bakaniken nan tun da na san shi bai taɓa riƙe sufana ran Lahadi ba. Amma ranar, yana fitowa daga coci, da farar rigarsa ta leshi, ya zo ya cire ta ya rataye a reshen dogon yaro, ya shige ƙarƙashin mota. Ya jera falle-fallen yana shafa musu baƙin mai, ya ɗaure su, ya sa na gaba da ya samo daga wata motar da ta yi hatsari, ya canja tiyon birki don tsohon ya yi gajere. Mai faci ya ɗora tayoyin amalanke. Wajen la'asar ya ce in sassauta jak. Na murɗa, na murɗa, ina jiran motar ta sauko ta zauna yadda na saba ganinta. Jak ya rabu da ita ya faɗi gefe, ita kuwa tana nan tsaye a sama. Kai! Na ja da baya don in gan ta da kyau. Motar da kaji suke sunkuyawa kafin su shiga ƙarƙashinta, ga akuyar Inna ta ratsa ta wuce ko kunnenta bai taɓa ba. Ba ƙarfe ɗaya sabo a jikinta, duk abin da aka zubar ne, wani ma saura kwana kaɗan ya zama fartanya. Maƙwabta suka taru ana ta salati. Tsohon maƙerin ma ya zo, ya danna bayanta da hannu biyu ya saki, ta taso ta tsaya. Ya ce in ɗora buhun shinkafa biyu a baya, in ba haka ba sabon ƙarfinta zai wujijjiga tsoho.

Litinin da hantsi Baba ya fito cikin babbar rigarsa ta zuwa Idi. Ya zagaya motar da sanda, a hankali, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce, "Hm." A wurinsa wannan babban yabo ne. Na buɗe masa ƙofa. Ya jingina sandar, ya kama ƙarfen ƙofa da hannun dama, ya ɗaga ƙafa. Ƙafar ba ta kai ba. Ya sake ɗagawa, ta daki gefen ƙofar ta dawo. Mu duka, ni da bakanike da maƙeri, mun yi kwana biyar muna auna tudun fadama da tulun aksil, ba wanda ya tuna ya auna ƙafar mutumin da aka yi aikin dominsa. Da, da bayanta yake zaune, zamewa kawai yake yi ya shiga.

Na ce, "Baba bari in ɗauke ka."

Ya juyo ya watsa mini wani kallo. "Kul. Tun da yayata ta sauke ni daga bayanta ba a sake ɗaukata ba. Ko asibiti da ƙahwata na shiga."

Ya sake gwadawa har rigar ta harɗe shi, gumi ya keto masa. Na rasa inda zan sa kaina, ji nake kamar in kwance duk abin da muka ɗaura. Sai na ji gurgur daga cikin gida. Inna ce take mirgino turminta. A gidanmu turmin nan ko zama a kansa ba a yi, na sha dundu a kan haka ina yaro, balle a taka shi da takalmi. Ta kawo shi bakin ƙofar mota ta kifa, ta danna shi cikin ƙasa da ƙafarta, ba ta dubi kowa ba ta ce, "Malam, bismillah." Ya dube ta, ya dubi turmin. Ya taka, ya kama ƙofa, ya shige ya zauna. Murna ta sa na zagaya da gudu na tayar da mota. Na hango Inna a madubi tana ɗaga hannu tana kira, na ɗaga mata nawa, a zatona sallama take yi.

Da muka iso fadamar na tsaya. An yi ruwa da asuba, ramukan sun cika, tudun tsakiya ne kawai ya fito da 'yar ciyawa a kansa. Ga ma inda cikin motarmu ya kankare ran Laraba. Na gyara riƙon sitiyari. Sai na ji muryar da na rabu da ji shekara biyu, muryar direba.

"Sa giya ta biyu. Tayoyinka cikin ramin, kar ka hau gehe. In ka shiga kar ka ɗaga ƙahwa, kar ka taɓa kulochi, ko mi ka ji. Mu tahi."

Muka shiga. Ruwa ya rabe gida biyu, injin yana gurnani, ni kuwa duk jikina ya zama kunne, ina jiran ƙuuu ɗin nan. Muka zo inda muka maƙale. Abin da na ji kawai shi ne shuu, shuu, ciyawar kan tudu tana shafar cikin motar. Baya ya nutse cikin wani rami, na ji buhunan sun yi tsalle, sai ƙarfen nan da na buga da hannuna ya karɓe mu ya miƙo mu sama, a hankali, ba ko ƙara. An danne shi ya taso, yadda tsohon ya faɗa. "Riƙe ta haka nan," in ji Baba, "riƙe ta, ɗan albarka." Ban san lokacin da muka haye ba, sai ganin jar ƙasa na yi a gabana. Na tsaya na kifa kaina a kan sitiyari ina ta Allahu akbar. Ya ce, "Kai, tashi mu tahi, ba nan munka zo ba."

Ana yayyafi muka shiga garin. Ɗan Gwaggo ya taho da gudu ba takalmi, tun kafin in tambaya ya ce tana nan, tana numfashi. Na zagaya baya in sauko da turmi, na tarar da buhu biyu kawai. Sai a lokacin na gane abin da Inna take kira. Ga Baba a sama, ƙofa a buɗe, ƙafarsa tana lilo ba ta kai ƙasa ba, ga tsakar gida ta zama laka daga zaure har ƙofar ɗaki, inda sanda ba za ta kafu ba. Matan gidan suka ce bari a ɗauko nasu turmin, yana can bayan rumbu an kife shi saboda ruwa, wata ta ruga.

Daga cikin ɗakin sai muka ji tari, sannan wata 'yar siririyar murya. "Motar wa nika ji?"

Baba ya ɗaga kai. Ya dubi lakar, ya dubi bayan rumbu inda matar ba ta fito ba tukuna. Ya miƙa wa ɗan Gwaggo sandarsa.

"Ku bar turmin," ya ce. Sannan ya dube ni. "Juyo da bayanka."

Na juya na durƙusa kaɗan. Ya sa hannunsa mai rai ya zagaye wuyana, mataccen na kamo shi na riƙe a ƙirjina. Mutumin da yake ɗaga buhun shinkafa shi kaɗai, wallahi bai kai rabin buhu nauyi ba, kuma wannan ne ya sa ni hawaye tun kafin mu kai ƙofa. Na ratsa lakar da shi, na sunkuya muka shiga.

Ɗakin da duhu-duhu, tana kwance a kan katifa, ta ƙanƙance, idanunta sun yi fari. Na durƙusa a gabanta ban sauke shi ba tukuna, don ban san ta inda zan fara ba. Ta miƙo hannu tana lalube. Ta taɓa fuskata, ta wuce, ta sami hannun da ke wuyana, ta bi shi har kafaɗa, har gemu. Ta tsaya a nan, yatsunta cikin furfurar. Sai na ga bakinta ya motsa, ashe dariya take yi.

"Auta," ta ce, "har yanzu goyonka aka yi?"

"Awo, Yaya," in ji Baba. Na ji ƙirjinsa yana rawa a bayana. "Ke kin gaji, na samu wani."

"To a sauke min shi nan kusa."

Na sauke shi a gefen katifar, ta kama hannunsa mataccen ta ɗora a kan cikinta tana murzawa. Ta ce a kawo kunu, kofi biyu. Kwana tara Baba ya yi a ɗakin nan, a gabansa ta cika, kuma duk fitar da zai yi a kwanakin ni yake kira in juyo da bayana.